Rumbunan Bincike na Biya a Laburaren Jama'a, da Hanyar Amfani da Su ga Mai Nazarin Hausa

1. Mas'ala

Nazarin harshen Hausa da rubutun boko ya haura shekara 180, in an ƙirga daga 1843, shekarar da J. F. Schön ya buga ɗan littafinsa na kalmomin Hausa a Landan. Abin da masana suka rubuta tun daga sa'an nan ya kasu kashi biyu. Kashi na fari shi ne littattafai, kamar ƙamus na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da nahawun Newman na 2000, da na Jaggar na 2001. Waɗannan sanannu ne, da wuya a sami sashen Hausa wanda ba shi da su. Kashi na biyu kuwa maƙalu ne da ke warwatse cikin mujallun ilmi na Ingila da Amurka da Jamus da Faransa, tare da kundayen digiri da ke ajiye a jami'o'in waɗannan ƙasashe. Galibin muhawarar masana a cikin wannan kashi na biyu ta ke, shi ne kuma ya fi wuyar samu.

Illar rashin samunsa a fili ta ke ga duk wanda ya taɓa duba kundayen ɗalibai. A kan ga ɗalibi ya shafe shekara biyu yana haƙilon warware abin da aka riga aka warware tun kafin a haifi malaminsa. A kan ga kuma an jingina wa wani masani magana alhali kuwa ba wanda ya ga asalinta, gama wannan ya kwafo daga wancan, wancan kuma daga wani, har lambar shafin da aka yi kuskurenta da fari ta zama gado. Gani ya kori ji. Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata hanya ta kai wa ga asalin, watau rumbunan bincike na biya waɗanda laburaren jama'a ke buɗe wa masu karatu, da yadda mai nazarin Hausa zai yi aiki da su har ya sami biyan bukata.

2. Ma'anar rumbu da asalinsa

Abin da a ke nufi da rumbun bincike a nan shi ne tarin maƙalu, ko kundaye, ko bayanansu, wanda aka tsara cikin kwamfuta yadda za a iya nema da kalma, ko da sunan marubuci, ko da shekara. An ce na biya ne domin mai shi ba ya buɗe shi sai ga ma'aikatar da ta biya kuɗin shekara. Sayar da irin wannan hidima ya soma ƙarfi ne a 1972, sa'ad da kamfanin Lockheed na Amurka ya buɗe DIALOG ga masu biya. A wancan zamani ma'aikacin laburare ne ke yin neman a madadin mai bincike, gama kuɗin da minti a ke ƙirga shi. Bayan yaɗuwar intanet a shekarun 1990 sai neman ya koma hannun mai karatu.

Wajibi ne a rarrabe iri biyu, gama rashin rarrabe su shi ne tuntuɓen farko. Iri na ɗaya fihirisa ne kurum: yana faɗin wanda ya rubuta, da kan magana, da mujalla, da shekara, da shafi, wani lokaci da ɗan tsakure, amma ba lalle ya ba da maƙalar kanta ba. Misalinsa MLA International Bibliography, na harshe da adabi, da Linguistics and Language Behavior Abstracts, wanda aka soma bugawa a takarda a 1967. Iri na biyu yana ɗauke da maƙalar sukutum, shafi bi shafi. Mafi shahara cikin wannan iri shi ne JSTOR, wanda aka kafa a 1995 bisa shawarar William G. Bowen, shugaban gidauniyar Mellon, domin rage wa laburare nauyin ajiye tsofaffin mujallu. Ya fara da mujallu goma na tarihi da tattalin arziki. Al'adarsa ita ce ya ɗauki mujalla tun daga fitowarta ta fari, amma ya kan tsaya baya kaɗan, galibi shekara uku zuwa biyar kafin shekarar da a ke ciki, don kada ya kashe wa masu bugawa kasuwa. Project MUSE, na madaba'ar jami'ar Johns Hopkins, wanda shi ma ya fito a 1995, ya fi karkata ga sababbin fitowa. Kundayen digiri kuwa babban rumbunsu shi ne na ProQuest, wanda tushensa kamfanin University Microfilms ne da Eugene Power ya kafa a Ann Arbor a 1938.

3. Yadda laburaren jama'a ke shiga tsakani

Kuɗin waɗannan rumbuna ya fi ƙarfin mutum guda. Jami'a ta kan biya domin malamanta da ɗalibanta, amma wanda ba shi cikin jami'a, ko ya gama, ko ya yi ritaya, ko makarantarsa ba ta da hali, sai ya zama an rufe masa ƙofa. A nan laburaren jama'a ke da aiki. Tun a 1949 hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa cewa laburaren jama'a na kowa ne, da kuɗin jama'a za a riƙe shi, kyauta kuma za a shiga. Biyan kuɗin rumbu a madadin jama'ar gari reshe ne na wannan ƙa'ida. Laburare ya kan ƙulla yarjejeniya da mai rumbu, a rubuta waɗanda aka yarda su shiga, da wurin da za su shiga, da abin da aka halatta musu su yi da abin da suka samu. Hanyoyin shiga biyu ne, ko wace kuma akwai misalinta sananne.

Hanya ta ɗaya ita ce ta kati. Laburaren jama'a na birnin Niyok, wanda aka kafa a 1895, yana ba da kati kyauta ga duk wanda ke zaune a jihar Niyok, ko ya ke aiki, ko ya ke karatu, ko ya ke biyan harajin gida a cikinta. Ko wane kati yana da lamba, mai shi kuma yana da lambar sirri. Da waɗannan biyu ya ke shiga rumbuna da dama daga ɗakinsa. Waɗansu rumbunan kuwa ba a buɗe su sai a cikin ginin laburare, jerin sunayen da laburaren ya tsara ya kan nuna ko wanne da sharaɗinsa. Rassan wannan laburare suna Manhattan da Bronx da Staten Island, a Bronx kuwa akwai masu jin Hausa da suka zo daga Ghana da Nijar da Nijeriya. Cikin ɗakunansa na bincike akwai cibiyar Schomburg da ke Harlem, wadda tushenta tarin littattafan Arturo Schomburg ne da aka saya a 1926, ta kuwa keɓanta da tarihin baƙar fata da na Afirka. Malamin da ya je can karatu ko ziyarar bincike ya kyautu ya nemi laburaren jama'a a makonsa na fari, kada ya dogara ga na jami'a kaɗai, gama abin da wannan bai saya ba mai yiwuwa ne wancan ya saya.

Hanya ta biyu ita ce ta zuwa da ƙafa. A Birtaniya, bayan rahoton kwamitin Janet Finch na 2012 bisa buɗe sakamakon bincike ga jama'a, manyan masu buga mujallu suka haɗu da laburaren ƙananan hukumomi suka soma wani shiri mai suna Access to Research a 2014. Ƙa'idar da aka kafa shi bisa kanta ita ce mutum ya zo da kansa, ya zauna gaban kwamfutar laburare, ya karanta domin nazarin kansa, ba domin ciniki ba. Fa'idar wannan ga mai nazarin Hausa ita ce cike giɓin nan na shekarun baya-bayan nan da JSTOR ke bari, gama abin da ke ciki daga hannun masu bugawa ya ke fitowa kai tsaye. Sai dai a duba jerin mujallun tukuna, a tabbata wadda a ke nema tana ciki, kafin a ɗauki hanya.

Game da ƙasashen Afirka, masu rumbuna sun sha yin rangwame. A 2006 JSTOR ya yafe kuɗin shiga ga ma'aikatun ilmi na Afirka waɗanda ba na neman riba ba ne. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da masu bugawa sun kafa HINARI na kiwon lafiya a 2002, da AGORA na noma a 2003, da OARE na muhalli a 2006, da ARDI na ƙere-ƙere a 2009, da GOALI na shari'a a 2018, aka tara su ƙarƙashin suna ɗaya, Research4Life. Abin lura shi ne duk waɗannan ma'aikata ce ke yin rajista, ba mutum ba. In shugaban laburare bai rubuta ya nema ba, ƙofar tana nan a rufe ko da ba a bukatar ko kwabo.

4. Zaɓen rumbu

Ba a shiga rumbu sai an san irin hatsin da ke ciki. Mai neman tsohuwar maƙala da JSTOR zai fara, gama a nan mujallun da suka raini nazarin Hausa su ke: mujallar makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Landan, wadda ta soma a 1917, da Africa, ta 1928, da Language, ta ƙungiyar masana harshe ta Amurka, da Journal of African History, ta 1960. A ciki zai tarar da fassarar tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga a 1908 cikin mujallar ƙungiyar nazarin ɗan Adam ta Ingila. Da maƙalar Joseph Greenberg ta 1941 bisa tsarin sautin Hausa. Da ta M. G. Smith ta 1957 bisa roƙo da matsayinsa cikin zaman jama'a. Da aikin Mervyn Hiskett bisa Waƙar Bagauda, wanda ya fito kashi-kashi a 1964 da 1965.

Mai son ya san iyakar abin da aka rubuta bisa wata mas'ala, shi kuwa fihirisa zai fara dubawa, domin fihirisa ya fi rumbun maƙalu faɗi, yana ambaton abin da ke cikin mujallu da littattafan da ba su cikin JSTOR. Mai neman kundin digiri na jami'o'in Amurka sai ya nufi ProQuest. A Amurka Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundinsa bisa Mamman Shata a jami'ar Indiyana a 1975, Dauda Bagari kuma ya rubuta nasa bisa ginin jimla a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis a 1976. Irin waɗannan kundaye su kan ƙunshi misalai da matani waɗanda ba su taɓa fitowa cikin littafi ba.

5. Dabarun nema

Nan ne aikin ya ke, nan ne kuma harshen Hausa ke da nasa matsaloli waɗanda littattafan koyar da amfani da laburare ba su ambata ba. Tushen abin shi ne kwamfuta ba ta san ma'ana ba, jerin haruffa ta ke gwadawa. Abin da aka rubuta mata shi za ta nema, ba ƙari ba ragi.

Akwai kalmomi uku na Ingilishi da kusan ko wane rumbu ke aiki da su, a kan rubuta su da manyan baƙaƙe: AND, da OR, da NOT. Asalinsu daga lissafin George Boole ne, wanda ya buga littafinsa bisa ƙa'idodin tunani a 1854. AND tana ƙuntatawa, gama sai maƙalar da ta haɗa kalmomin biyu za a kawo. OR tana faɗaɗawa, ko wacce aka samu ta isa. NOT tana fitarwa. In an sa kalmomi biyu ko fiye tsakanin alamun zance, to, za a neme su a jere kamar yadda aka rubuta. Alamar tauraro kuma a ƙarshen guntun kalma tana nufin ko wane ƙarshe ya biyo baya a kawo.

Matsala ta fari ita ce sunan harshen kansa. Ingilishi na yanzu Hausa ya ke rubutawa, amma Schön da Jamusawa na da Haussa suka rubuta, Faransawa haoussa, waɗansu matafiya na ƙarni na 19 kuma Houssa. Wanda ya nemi siga ɗaya ya bar sauran ya zubar da aikin masana irin su Claude Gouffé, wanda da Faransanci ya yi rubutunsa, da galibin abin da aka rubuta bisa Hausar Nijar. Maganin abin shi ne a jera sigogin duka, a haɗa su da OR. Mai gaggawa zai ce a rubuta haus a sa tauraro a huta. Wannan ba ya kama haoussa, sa'an nan yana jawo kalmar Jamusanci ta gida da duk 'ya'yanta, da sunayen mutane irin su Hauser da Hausmann, har abin da a ke nema ya nutse cikinsu.

Haka al'amarin ya ke ga sunayen wurare da na mutane. Sakkwato ita ce Sokoto, ita ce kuma Sackatoo a rubutun Clapperton. Katsina ta fito da sunan Kashna da Katsena cikin littattafan matafiya. Zariya da Zazzau, Damagaram da Zinder, duk sai an gwada. Sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kan zo da sigar Larabci, Uthman b. Fudi, a wurin masana tarihi, ya zo Usuman ko Othman dan Fodio a wurin waɗansu. Fulani su ne Fulbe, su ne Peul a Faransanci, su ne Fellata a tsofaffin littattafai. Ya kamata mai bincike ya keɓe shafi guda cikin littafinsa na aiki, duk sigar da ya ci karo da ita ya rubuta, gama wannan jeri zai yi masa aiki shekara da shekaru.

Matsala ta biyu ita ce baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ba su zauna cikin rubutun boko ba sai a shekarun 1930. Kafin nan waɗansu ɗigo su ke sa wa a ƙarƙashin harafi, waɗansu waƙafi a gefensa, waɗansu ba su nuna bambancin ko kaɗan. Har yanzu ma Nijar ƴ ta ke rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y. Bayan wannan kuma, tsofaffin mujallu hotonsu aka ɗauka, sa'an nan aka sa na'ura ta karanta hoton ta mai da shi haruffa, a cikin waɗannan haruffa na ɓoye a ke yin neman. Na'urar da aka horar da Ingilishi ta kan ɗauki ƙ ta ce k ne, ta ɗauki ɗ ta ce d ne ko wani abu dabam, alamun karin sauti da na tsawon wasali kuma su kan rikita ta. Saboda haka wanda ya rubuta waƙa da lanƙwasarta daidai mai yiwuwa ne ya sami kaɗan ƙwarai, alhali maƙalun suna nan. Tilas ya gwada da lanƙwasa, ya kuma gwada babu.

Amma fa cire lanƙwasa yana da nasa haɗari. Waka suna ne na wani irin waƙen Japanawa, suna ne kuma na wani kiɗan Yarabawa, da na kwalekwalen Mawori na Niyuzilan. Kano ma suna ne na wata shahararriyar zuriyar masu zane ta Japan. Dabara ita ce a ɗaure kalmar da AND ga jerin sigogin sunan Hausa da aka ambata a sama. NOT kuwa a yi hattara da ita: wanda ya fitar da Japan gaba ɗaya ya fitar har da maƙalar da ta kwatanta karin sautin Hausa da na Japananci, da wadda aka ambaci Japan cikinta sau ɗaya tak a ƙasan shafi.

Matsala ta uku daga ginin kalmar Hausa ta ke. Tauraron nan domin harsuna irin Ingilishi aka yi shi, inda saiwar kalma ke tsayawa a gaba, ƙari ya biyo baya. A Hausa jam'i ya kan shiga cikin saiwa ya sāke ta: birni da birane, gulbi da gulabe, sarki da sarakuna. Ɗafa-goshi kuma ya kan zo gabanta: waƙa da mawaƙi, Hausa da Bahaushe, sarauta da masarauta. Wanda ya rubuta sark da tauraro zai sami sarki da sarkin, ba zai sami sarakuna ba. Wanda ya rubuta sar kaɗai zai kwaso sara da sarƙa da rabin ƙamus na waɗansu harsuna. Babu makawa sai a rubuta tilo da jam'i da sauran 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya. Nahawun da malami ke koyarwa a aji shi ne makaminsa a nan.

Sai kuma bambancin nema cikin matani duka da nema cikin kan magana. In an nemi Hausa cikin matani duka, duk maƙalar da ta ambaci sunan sau ɗaya za ta fito, ko da bisa noman gyaɗa ta ke. In an tsare neman ga kan maƙala ko tsakurenta, abin zai ragu ƙwarai, amma za a rasa maƙalar da ta yi dogon bayani bisa Hausa ba tare da ta sa sunan a kanta ba, kamar maƙalun kwatanta harsunan Cadi. Tsofaffin maƙalu da yawa ma ba su da tsakure sam. A cikin fihirisa akwai mafita ta uku, watau kanun fanni da ma'aikata suka laƙa wa ko wace maƙala da hannu, irin su Hausa language da Hausa poetry. In an sami maƙala ɗaya wadda ta dace, sai a duba kanun da aka laƙa mata, a bi su.

Misali zai ƙara fayyace tsarin. A ce malami yana shirya darasi bisa kalmomin aro. Zai fara da fihirisa, ya haɗa sigogin sunan Hausa da kalmomin Ingilishi na aro, watau loanwords da borrowing, da emprunts na Faransanci. Zai ga Greenberg ya yi rubutu bisa kalmomin Larabci cikin Hausa a mujallar Word a 1947, Hiskett kuma ya koma kan mas'alar a African Language Studies a 1965. In ya shiga JSTOR zai sami maƙalar Greenberg ta 1960 cikin Journal of African History, inda ya kawo hujjar cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Daga nan hanya biyu ce: ya bi bayanan ƙasan shafi ya koma baya ga waɗanda Greenberg ya dogara gare su, sa'an nan ya nemi sunan Greenberg tare da Kanuri cikin shekarun da suka biyo, ya ga waɗanda suka yarda da waɗanda suka yi gardama. Abin da bai samu sukutum ba ya rubuta cikakken bayaninsa ya kai wa ma'aikacin laburare, gama laburare su kan ara wa juna. Matambayi ba ya ɓata.

6. Abin da babu a cikin rumbu

Kuskure mafi muni shi ne mai bincike ya nema bai samu ba, ya rubuta cewa ba a taɓa yin aiki bisa wannan batu ba. Waɗannan rumbuna abin da aka buga a Turai da Amurka suka fi tarawa. Galibin abin da aka rubuta da Hausa bisa Hausa ba ya ciki: kundayen digiri na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da takardun tarurrukan ƙara wa juna sani, da mujallun sassa, irin su Harsunan Nijeriya ta cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Kano, wadda ta soma tun farkon shekarun 1970. Rubuce-rubucen ajami kuma, ko da an ɗauki hotonsu, ba a neman kalma cikinsu yadda a ke yi wa boko. Waɗannan sai an taka an je, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can, ko laburaren jami'o'in. Domin sanin abin da ke akwai, jerin ayyukan da Sergio Baldi ya buga a Rum a 1977 da wanda Paul Newman ya buga a 1996 suna nan da amfaninsu.

Akwai kuma rumbunan da ba a biya, waɗanda ya kamata a haɗa da na biya: African Journals Online, wanda aka soma a 1998 domin mujallun da a ke bugawa a Afirka, da Persée na Faransa, mai ɗauke da tsofaffin mujallun nazarin Afirka na Faransanci, da ERIC na Amurka, na sha'anin koyarwa, tun 1966, wanda malaman kwalejin horon malamai za su fi kowa morewa. JSTOR kansa a 2011 ya buɗe wa kowa abin da aka buga kafin 1923 a Amurka, da kafin 1870 a sauran ƙasashe.

7. Ladubban aiki

Katin laburare amana ce. Ba a ba wani lambarsa, ba a kwashe mujalla sukutum, ba a sayar da abin da aka samu. Laifin mutum guda ya kan shafi jama'a: a watan Oktoba na 2010 JSTOR ya rufe wa jami'ar MIT ta Amurka ƙofa baki ɗaya na 'yan kwanaki, saboda an yi ta kwasar maƙalu da na'ura daga cikin harabarta. Inda yarjejeniya ta halatta ajiye kofe domin nazarin kai, to, a ajiye, a kuma rubuta marubuci da mujalla da juzu'i da shekara da shafi nan take. Rumbu ba ya dawwama: laburare ya kan daina biya in kuɗi ya gaza, a watan Oktoba na 2023 kuma 'yan kutse suka afka wa babban laburaren Birtaniya, rumbunsa na kundayen digiri ya rufe tsawon lokaci. Wajen ambato, mujallar da shafinta na asali a ke kawowa, gama rumbu ma'aji ne kurum. Kada kuma a kafa hujja da tsakure, sai an karanta maƙalar.

8. Abin da ya rage ga sassa da kwalejoji

Abu uku suna hannun malamai. Na ɗaya, a sa koyon nema cikin darasin dabarun bincike, a yi shi gaban kwamfuta, da misalan Hausa irin waɗanda aka kawo a sama, kafin ɗalibi ya zaɓi kan kundinsa. Na biyu, ko wane sashe ya tsara jerin sigogin sunaye da kalmomin fannu na Hausa da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, a riƙa ƙara masa, a ba ko wane sabon ɗalibi. Na uku, shugabannin sassa su rubuta wa hukumomin laburare na jihohinsu, da babban laburaren ƙasa wanda dokar 1964 ta kafa, su ambaci rumbunan da a ke bukata da sunayensu, su nemi a yi rajista da waɗanda ke da rangwame. Hukuma ba ta sa kuɗi cikin kasafi domin abin da ba wanda ya tambaya. Malamin makarantar sakandare da ke Gumel ko Argungu, wanda ba shi da katin wata jami'a, laburaren jiharsa kaɗai ne ƙofar da zai iya bi, shi ne kuwa ke koya wa yara Hausar da za su zo da ita jami'a.